Kifin da Aka Kama Sau Biyu

A danginmu na Hermel, in aka ce "mai kogi" ba a neman ƙarin bayani, Mulhim Abu Rakan ake nufi. A ɗakin da ke saman gidan niƙan mahaifinsa aka haife shi, inda ruwan kogin Asi ke juya dutsen niƙa ba hutu. Su biyu ne maza a gidan. Da lokacin karatu ya yi, mahaifinsu ya dube su, ya tura ƙaramin, Fawwaz, makaranta a Ba'albak, ya miƙa wa Mulhim buhun alkama. Mulhim bai taɓa cewa uffan a kan wannan rabo ba, bai kuma manta ba. Fawwaz ya samu takalmi, ya samu littafi, daga baya ya samu Kanada. Shi kuwa kogi kaɗai ya rage masa, sai ya riƙe shi hannu bibbiyu.

Da hunturu ake sanin Mulhim. In ƙanƙara ta rufe kan duwatsu, mutane suka kewaye murhu, shi sai ya tona tana a ƙarƙashin juji a bayan garken awaki, inda ƙasa ba ta daskarewa. Ya zuba su a tsohuwar safa, ya cusa cikin riga a kan fatar cikinsa don kada sanyi ya sandarar da su. In ruwa ya yi garau, tana ta ƙi aiki, sai ya ɗaura ɗan ƙarfe mai walƙiya da ya ƙera da cokalin shayin matarsa Wadha, wadda ta gaji da cigiyar cokulanta ta haƙura. Ko da aka cika bakin kogin da tafkunan siminti ana kiwon turwit, kifin nan mai ɗigo-ɗigo da ba ya rayuwa sai a ruwan sanyi, bai taɓa sa na kiwo a bakinsa ba.

"Wannan ba kifi ba ne," yakan ce, "kaza ce ta koyi iyo."

Kifi ɗaya ne ya gagare shi. Wani ƙato ne mai tsagaggiyar wutsiya da ke kwance a gurbi mai zurfi ƙarƙashin bangon tsohon gidan niƙan. 'Yan shagon gahawa suka sa masa suna Muhtar, wato mai unguwa a yarenmu, wai halinsu ɗaya da mai unguwarmu: yana zaune wuri guda da tumbinsa, ya karɓi abin da aka kawo, bai biya wa kowa buƙata ba. Hunturu uku Mulhim yana ciyar da shi tana, yana ɗago ƙugiya fayau. Bai damu ba. Duk garin an san Muhtar nasa ne, rana kawai ake jira.

A hunturun da Mulhim ya cika sittin Fawwaz ya dawo, bayan shekara ashirin da shida, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun ƙi biyo shi. Cikin kayansa akwai wani dogon bututu da kowa ya ɗauka bindiga ce. Da aka buɗe sai ga sandar fatsa siririya kamar tsinke, ga wandon roba mai kaiwa ƙirji, ga ɗan akwati cike da wasu abubuwa masu gashi a jere.

"Waɗannan fa?" in ji Mulhim.

"Ƙwari ne, Yaya. Da zare da gashin zakara nake ɗaura su a jikin ƙugiya."

"To ina naman?"

"Babu nama. Kifi zai ga kamar ƙwaro ne ya faɗo ruwa."

Mulhim ya juya ɗaya a tafin hannunsa, ya mayar. "Ashe kifin Kanada marayu ne, ba wanda ya koya musu hankali."

Fawwaz ya yi dariya. Kafin ya tashi ya roƙi Wadha ta warware masa ɗan zare daga koren mayafin mahaifiyarsu da ke cikin akwati, ya ce yana so ya ɗaura ƙwaro ɗaya da shi. Ta ba shi. Mulhim yana kallo. Shi ya yi jinyar tsohuwar, shi ya sa ta a kabari, Fawwaz kuwa wasiƙa kawai ya aiko, ga shi yau ya zo yana cire mata zare.

Makon farko Fawwaz bai kama ko ɗan tsako ba. Mulhim ya yi ta fara'a, har da aika masa da kifi biyu a faranti, "a ba baƙo kada ya kwana da yunwa." A mako na biyu Fawwaz ya gano cewa da azahar, in rana ta ɗan leƙo, wasu ƙananan ƙwari kan taso a kan ruwa na ɗan lokaci. Ya fara kamawa. Yana tsaye cikin kogi har ƙugu, zaren yana lanƙwasa a sama, ya tafi baya ya dawo, ya sauka a kan ruwa ba ko motsi. Mutane suka fara tsayawa a kan gada. Direbobi suna kashe mota. Shekara arba'in Mulhim yana tsugune a bakin ruwan nan, ba mahaluƙin da ya taɓa tsayawa a kan gada don ya kalle shi.

Sai ya shiga bin ƙanensa a ɓoye. Shi dai ya ce wa kansa wauta yake zuwa gani.

Wata Talata ya laɓe a bayan dogayen itatuwan da ke tsallaken gidan niƙa, ya ga Fawwaz ya nufi gurbin Muhtar. Jifa na farko iska ta kwashe. Na biyu ya sauka dab da bango. Ruwan ya kumbura, baki ya buɗe, sandar nan ta lanƙwashe kamar za ta karye. Mulhim ya dafa itacen da ke gabansa. Ya tsinci kansa yana addu'a, ba ta alheri ba: Allah ka tsinke zaren, Allah ka tsinke. Zaren bai tsinke ba sai da kifin ya zo hannu. Fawwaz ya tallafo shi da hannu biyu, ga tsagaggiyar wutsiyar tana ɗiga. Kifin ya yi wata fizga, zaren ya katse a bakinsa, amma bai kuɓuce ba. Fawwaz ya dube shi, ya sumbaci kan kifin, ya sunkuya ya mayar da shi ruwa.

Da a ce ya tafi da shi gida, da Mulhim ya fi samun sauƙi. Abin da ya yi hunturu uku yana nema, wani ya ɗaga ya ajiye kamar tsintuwar da ba ta da amfani.

Da la'asar a shagon Shahadi mai gahawa, ana buga karta kusa da murhu, Fawwaz ya shigo kumatunsa ja wur, ya ba da labari. Shagon ya fashe da dariya.

"Ka kama Muhtar ka sake shi?" in ji Shahadi yana riƙe ciki. "Me ya ce maka, yana da taro?"

"Haka ake yi a can. Babba irin wannan ba a kashe shi."

"Har da sumba! Jama'a, a nemo wa bawan Allah nan mata, abin ya kai ga kifi."

Fawwaz ya juya wajen wansa. "Yaya, faɗa musu. Na hango jan rawaninka a bayan itace."

Duk idanu suka koma kan Mulhim. Ya buɗe gwangwanin tabarsa, ya naɗa ɗaya a natse, ya lashi bakin takardar.

"Ni yau ban fita ba," ya ce. "Ƙafa ke damuna."

Fawwaz ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ajiye kofinsa ya fita. Daga ranar sunansa ya koma Angon Muhtar, har mata a bakin tanda sun ɗauka. Ya daina zuwa shagon. Masu tsayawa a gada suka koma yi masa ihu suna tambayar lafiyar amarya. Mulhim ya samu abin da yake so, ya kuwa ji daɗinsa, sai dai daɗin bai hana shi fara yi wa Wadha faɗa a kan gishirin miya ba.

Bayan kwana tara aka yi ruwa mai ƙarfi a kan duwatsu, Asi ya taso ja kamar shayi da madara. A irin wannan ruwa ƙwaron gashi ba ya ganuwa, ranar tana ce. Mulhim ya zaɓo mafi ƙiba daga safarsa, ya ƙara dalma don ta nutse, ya sauke ta a jikin bango. Bai gama gyara zama ba zaren ya miƙe. Ya yi ta fama har yatsunsa suka mutu, ya jawo Muhtar kan tsakuwa, ya danne shi da gwiwa, ya buga masa dutse a ka kafin wani tunani ya shigo.

Da ya buɗe bakin don cire ƙugiyarsa sai ya ga wata a ɗaya gefen. 'Yar ƙarama, da gashin zakara, da koren zare.

Ya waiga. Ba kowa. Ya zare ta, ya ɗaga hannu zai wurga cikin kogi, shi ke nan magana ta mutu har abada. Hannun ya tsaya a sama. Mayafin nan ne tsohuwa ke rufe masa kai da shi in ya dawo daga niƙa jiƙe. Ya kasa jefa zarenta a ruwan laka. Ya tura ƙugiyar can ƙasan gwangwanin taba, ya rufe.

Ta tsakiyar kasuwa ya bi da kifin a kafaɗa, wutsiyar tana bugun bayansa. Wadha ce ta gyara shi. Ta sa yatsa a bakin, ta ɗago kai.

"Abu Rakan, huda biyu nake gani."

"Ki sa tafarnuwa da yawa," ya ce.

Washegari shagon Shahadi ya cika maƙil. Mulhim na tsakiya, an sa shi ya maimaita labarin sau uku. Sai ga Fawwaz a bakin ƙofa, karo na farko tun ranar nan, don ba ya yiwuwa wa ya yi abin kirki ƙane bai zo taya murna a gaban mutane ba. Ya sumbaci kafaɗar wansa. "Barka, Yaya. Hannunka ya yi albarka."

"Angon ma ya zo ta'aziyya," wani ya ce, aka kwashe da dariya.

A wurinmu wanda ake taya murna ba ya naɗa taba shi kaɗai. Gwangwaninsa kan zaga hannu zuwa hannu, hana shi kuwa zagi ne. Shahadi ya miƙo hannu. "Kawo, mai kogi, mu sha ta nasara." Mulhim ya miƙa, hankalinsa na kan labarinsa. Sai da gwangwanin ya bar hannunsa ya tuna. Shahadi ya zurfafa yatsu don ya samo mai laushi ta ƙasa, ya yi ƙara, ya fizgo hannu. Ga ƙwaron gashi yana lilo a babban yatsansa, da guntun zaren da ya katse.

Ba wanda bai san mai ɗaura irin wannan ba a duk Hermel. Masu karta suka ajiye karta. Mulhim ya ji zafin murhu ya hau fuskarsa.

Fawwaz ne ya yi magana, a hankali. "Nawa ne. Ni na ba Yaya kyauta tun ranar da na dawo."

Shagon ya fara sakin numfashi. Hanya ta buɗe, abin da ya rage wa Mulhim ya gyaɗa kai kawai. Ya dubi ƙanensa, ya ga fuskarsa a sake, ba ko alamar riƙo. Takalmi nasa, littafi nasa, Kanada tasa, Muhtar nasa, yanzu kuma girman ma shi zai ɗauka, ya bar wansa yana rayuwa a ƙarƙashin alfarmarsa? Wannan kam ya fi ƙarfin Mulhim. Ya daki tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Ƙarya kake! Ba abin da ka taɓa ba ni! A bakin Muhtar na cire shi!" Ya juya ga jama'a. "Ya kama shi. Ina bayan itace, da idona na gani. Har sumbar na gani." Ya koma kan Fawwaz yana huci. "Kuma jifanka na farko banza ne, iska ta kwashe."

"Gaskiya ne, Yaya," in ji Fawwaz. "Iska ta kwashe."

"To wa zai cire mini wannan masifa daga yatsa?" Shahadi ya yi kuka. Mulhim ne ya cire, don ya fi kowa iyawa, ya mayar da ƙugiyar gwangwaninsa, ba wanda ya ce ya ba mai ita.

Tun daga ranar ba a ƙara cewa Angon Muhtar ba, amma "mai kogi" ma ya zama sai an tambaya, wanne? Mulhim bai yafe wannan tambaya ba. Hunturu goma sha ɗaya suka ƙara yi suna kamu tare, shi a wannan gaɓa da safarsa, Fawwaz a waccan cikin wandon roba. Bai taɓa ɗaura ƙwaron gashi ba. In ƙanen ya kama, sai ya juya baya yana gyaran ƙugiya, da yamma kuma ya faɗa wa Wadha adadin ba kuskure ko ɗaya, da ƙarin cewa duk ƙanana ne. In jikoki suka tambaye shi wa ya kama Muhtar, yakan ɓata rai ya ce, "Shi ya fara. Amma ni na san abin da ake yi da kifi."

Gwangwanin yana gidan Rakan, ɗan Mulhim, har yau, a cikin akwati ɗaya da mayafin. Tabar ta zama gari, ƙugiyar ta yi tsatsa, koren zaren ne kawai bai sake launi ba.