Yaya Larai, Mai Fara Ɗaukar Gyale

Da hantsin Talata, 11 ga Nuwamba, muna tsakiyar ɗinkin buhuna a injin casar shinkafa da ke Chanchaga, ɗanki Zakariyya ya bugo waya ya ce Allah Ya karɓi abinSa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Larai Garba, babbarmu a wurin aiki, kin tafi bayan gajeriyar jinya.

Wanda bai taɓa aikin inji ba, da wuya ya gane girman abin da kika yi mana. Da kaka, idan motocin shinkafa suka iso daga Wushishi, manaja yakan tsaya a bakin ƙofa daf da lokacin tashi ya ce, "Akwai ƙarin aiki, amma ba dole. Mai son tafiya ta tafi." Ba dole! Alhali yana tsaye yana ƙare wa kowa kallo, kuma duk mun san wadda ta fita yau, da ita za a fara idan aka zo rage ma'aikata. Sai mu sunkuyar da kai mu ci gaba da ɗinki, shi kuma ya gaya wa mai wurin cewa da son ranmu muka tsaya. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Magdalina ce ta fi kowa shiga uku. Daga Garatu take zuwa, ga jaririya ta bari a hannun surukarta. Wata rana kika ga gaban rigarta ya jiƙe da nono, tana ɗinki tana satar kallon ƙofa. Kika ce ta tafi. Ta ce, "Mama, in na fita yau, gobe babu aiki." Ba ki yi wa kowa faɗa ba. Kika ajiye basilla, kika karkaɗe ƙaiƙayi daga zaninki, kika ɗauki gyale kika ce, "Ranka ya daɗe, tunda ba dole, ni na gaji. Sai da safe." Kika bi ta gabansa, Magdalina na biye da ke.

Ke kuwa kin fi mu buƙatar ƙarin aikin, marayu kike riƙo. Amma kin san tun kafa injin kike nan, korarki ba abu ne mai sauƙi ba. Daga ranar, duk yammar da kika ga mai uzuri a cikinmu, sai gajiya ta kama ki. Mu tsokane ki, "Yaya, yau ma ciwon bayan ne?" Ki ce mu ƙyale ki da tsufanki. A kan haka aka hana ki shugabancin sashe, aka bai wa wata. Da na nuna miki takaicina, cewa kika yi, "Murja, ba wanda zai iya cewa a'a shi kaɗai a gaban mai korarsa. Sai an raka shi."

Ranar da kika rasu, manaja ya fito ya ce Allah Ya jiƙan ki, ga motoci a waje suna jira, amma mai son zuwa gidan rasuwa ta je, ba dole. Idanunmu duka suka koma kan kujerarki, kamar yadda muka saba. Babu kowa a kai. Can sai Magdalina ta ajiye basilla, ta ɗauki gyalenta ta ce, "Ranka ya daɗe, sai da safe." Muka bi ta gaba ɗaya, muna kuka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Zakariyya da 'yarki Husna da marayun da kika rena. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya zama gatanku. Yaya Larai, Allah Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ke da ba ki taɓa barin wata ta fita ƙofar nan ita kaɗai ba, Allah kada Ya bar ki ke kaɗai a kabarinki. Amin.