Mani Mai Jakai da Hutun Makaranta

A Gawon Tudu, arewa da Minjibir, gona ta kama gona, ko akuya ba ka ɗaurewa sai a filin wani. Nan aka haifi Mani, nan ya tsufa. Da rani yakan kora jakunansa uku birni da itace, ya komo da taki. Da damina kuwa yana cikin geronsa da gyaɗarsa.

Shekarar da En'e ta gina elementare a garin, aka ce kowane mai unguwa ya kawo yara biyar. Wasu har a rumbu suka ɓoye nasu. Mani da hannunsa ya kai 'yarsa Huseina, ana ta yi masa surutu.

Ruwa na sauka, aji ya watse. Hakimi ya zo da Baturen makaranta, aka tara magidanta a ƙofar gidan dagaci. Tafinta ya ce Bature na tambaya, me ya sa suka ƙi ilimi? Kowa ya sunkuyar da kai. Mani ya tuɓe takalmi, ya matso ya durƙusa gaban hakimi.

"Ranka ya daɗe, ba ƙi muka yi ba. An ba da hutu da rani, lokacin da yara ke zaune, aka buɗe ana tsakiyar noman farko. Wanda ya tsara abin nan, an tambaye shi ko ya taɓa riƙe fartanya?"

Dogari ya daka masa tsawa. Hakimi ya ce a ƙyale shi. Bature ya rubuta wani abu, ya ce tsarin daga sama yake, ba ya canzuwa.

Dagaci ya ƙullaci Mani. Sau biyu ya sa sunansa a aikin hanya, ya je ya yi.

Sai da damina biyu ta wuce takarda ta zo: lokacin noma a tashi yara da hantsi, kuma a zaɓi dattawa huɗu su riƙa zama da malamai. Jama'a suka ce Mani ne na farko.

Shekara tara ya yi yana bin gida-gida, yana lallashin iyaye. Shi dai har ya rasu bai iya karatun boko ba. In an gama zama, malam ya karanta masa abin da aka rubuta. In akwai inda ba haka aka faɗa ba, sai an gyara kafin ya dangwala yatsa.