Sanyin Disamba da Gidan Tirelar Hajiya

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar muka kama hanya daga Glenwood, unguwarmu a Amurka, mu uku a tsohuwar motar abokina ɗan Damagaram. Shi ke tuƙi, ni ina gefensa da takardar kwatance, Malam kuwa, dattijon da ke jan mu salla, yana baya ya naɗe kai da rawani, idanu kawai ake gani.

Dalilin tafiyar shi ne Hajiya, wata 'yar Nijar da ke dafa mana abinci duk lokacin da aka yi suna ko rasuwa. Da bazara ta sayi gidan tirela a wajen Pleasant Garden, sannan ta tafi aikin Hajji ta bar wa Malam mukulli da kwatance. Ranar Alhamis sai ga wayarta daga Madina, hankali a tashe. An gaya mata mugun sanyi na tafe daren Asabar, kuma bututun ruwan irin gidanta fashewa yake yi in ruwa ya daskare a ciki. Duk abin da ta tara a ƙasar nan yana cikin gidan nan. Muka ce ta kwantar da hankalinta, alhali a cikinmu babu wanda ya taɓa taka gidan tirela, balle ya san yadda ake shirya shi.

Tun a mota ruɗewa ta fara. Rediyo ta ce da dare sanyi zai kai digiri ashirin, abokina ya kwashe da dariya ya ce ashirin ai lokacin shan iska ne a Damagaram. Na ce ma'aunin nan daban ne da na gida, ashirin ɗinsu ƙanƙara ce. Ya ce to a lissafa masa. Muka yi ta ɗebewa muna rabawa, kowa da amsarsa, har Malam ya ce mu bari, hancinsa ya riga ya ba shi amsa.

Muka tsaya a wani babban shagon kayan gini. Wani ma'aikaci mai jan gemu ya saurare mu, ya tambaya ko siket ɗin gidan lafiya yake. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ashe haka suke kiran falankin da ake zagaye ƙasan gidan da shi don kada iska ta shiga. Ya loda mana soson naɗe bututu, da wata waya da ake nannaɗawa a jikin bututun a jona ta da lantarki ta riƙa ɗumama shi, da ledar rufe taga, da salatif, da falanki biyu. Duk abin da ya ɗaga sai mu gyaɗa kai. Tsadar soson kaɗai ta sa abokina cewa gara a saya wa bututun bargo.

Daga nan muka yi kudu. Gari ya ƙare, aka shiga filaye, gidaje nesa da juna, ciyawa ta yi fari da raɓar da ta daskare, ba mai tafiya a ƙasa ko ɗaya da za ka tambaya. Takardar Hajiya ta ce a juya dama bayan coci. Coci uku muka wuce a kan titin, bayan kowanne kuma akwai hanyar dama. Ta farko ta kai mu gonar dawakai, ta biyu ta ƙare a bakin wani tafki. A gidan mai muka sayi burodinsu mai ƙwai a tsakiya, bayan Malam ya tambayi mai sayarwa sau uku ko alade bai taɓa kaskon ba. Ya nemi shayi, aka miƙo masa mai zaƙi cike da ƙanƙara. Ya daɗe yana kallon kofin.

Hantsi ya yi sosai kafin mu sami unguwar. Gidaje ne dogaye, sirara, jere kamar taragun jirgin ƙasa, an cire tayoyinsu an ɗora su a kan bulo. Na karanta lamba a takarda, saba'in da biyu, muka tsaya a gaban wani fari mai koren baki. Muna sauke kaya sai wata tsohuwar Baturiya ta buɗe ƙofa daga ciki, tana dogara sanda. Ba mu yi mamaki ba, don Hajiya ta ce akwai maƙwabciya mai duba mata gida. Na ce mun zo aikin bututu. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allah ya yi muku albarka, tun makon jiya nake jiran ku."

Ni aka tura ƙarƙashin gidan, wai na fi su rashin jiki. Rub da ciki na shiga da tocila a baki, ƙasa na da sanyi kamar ƙarfe, yanar gizo na shiga min ido. Bututu huɗu na gani, ban san na ruwa ba, ban san na gas ba. Tsohuwar ta sunkuyo tana nuna min da sanda, tana magana da irin Turancin kudun nan da rabinsa ke wuce ni. Na nannaɗa wayar, na rufe da soso. Abokina ya toshe inda siket ya ɓalle, Malam ya manna leda a tagogi ta waje. Ba wanda ya shiga ciki, mukulli na aljihun Malam. Abu ɗaya ya ɗan tsaya min a rai, wato karen da nake jin haushinsa a saman kaina. Na ce a zuciyata lallai Amurka ta canza Hajiya.

Azahar ta yi mun gama. Muka yi alwala da ruwan gora, yatsu kamar za su zube, muka shimfiɗa kwali a gefen mota muka tayar da salla. Da muka sallame, tsohuwar na tsaye da kofunan kofi a faranti, baki buɗe.

Ta ce, "Ku daga wane coci kuke?"

Na ce ba daga coci muke ba, mutanen Hajiya ne, mai gidan nan. Ta ce ita ce mai gidan nan, shekara da shekaru. Mijinta ne ke wannan aikin, ya rasu da bazara, cocinsu ya yi alkawarin turo mutane. Abokina ya fizge takardar daga hannuna, ya duba, ya dafe kai.

"Mutumin Kano, ka kashe mu! Wannan ai ɗaya ne, ba bakwai ba. Haka muke rubuta shi a lakkwal, makarantar bokonmu ta Nijar. Sha biyu ne!"

Muka yi cirko-cirko. Kaya sun ƙare kaf, rana ta karkata, gidan Hajiya na can ko taɓa shi ba a yi ba. Abokina ya ce a hankali ko mu kwance wayar mu tafi da ita. Malam ya ce, "A'a. Abin da ya shiga gidan marainiyar Allah ya shiga."

Tsohuwar ta tambayi abin da ke faruwa, na yi mata bayani. Ta ce akwai mai kwana a gidan? Na ce babu, sai bayan wata guda. Ta yi dariya har da tari. Ta ce gidan da ba kowa ba a naɗe masa bututu, ruwan ake fitarwa gaba ɗaya. Ta sa aka ɗauko wata jarka ta wani ruwa mai launin hoda da ke hana daskarewa a rumbun mijinta, ta shiga gaban motarmu da sandarta.

A lamba sha biyu mukulli ya buɗe, ƙamshin turaren wuta ya tare mu. Tsohuwar ta zauna a kujerar Hajiya tana ba da umarni. Muka rufe babban famfon waje, muka kashe tukunyar ruwan zafi muka juye ta, muka buɗe kowane famfo har ya daina ɗiga, muka zuba ruwan hodar nan a masai da magudanai. Ko awa ɗaya ba a yi ba. Da za mu rabu ta riƙe hannun Malam da hannu biyu, shi da ba ya musabaha da mata, ya rasa yadda zai yi, sai cewa yake, "Sankyu, Mama, sankyu."

Da magariba muka shigo Glenwood, ƙasa har cikin kunnena. Sanyin ya zo kamar yadda aka faɗa. Washegari na kira tsohuwar, ta ce ruwanta na zuwa, amma na maƙwabcinta ya fashe, mutanen coci kuma har yanzu shiru.

Abin da na koya a tafiyar nan, in za ka yi wa mutum aiki, fara gwada mukulli a ƙofa, kuma takardar da ɗan Nijar ya rubuta ka ba ɗan Nijar ya karanta. Sauran kuwa ban gama gane shi ba. Da na karanta lambar daidai, da mun yi wa Hajiya aikin da gidanta ba ya buƙata, tsohuwa kuma ta kwana ba ruwa. Abokina ya ce ɓata muka yi. Malam ya ce aiken mu aka yi, mu ne dai ba a gaya wa ba.