Rakiyar Kyarkeci Zuwa Fayyum

Giza

Ƙarfe biyar da minti goma, ina sallame sallar asuba, na hau ƙaramar bas daga unguwar Faisal zuwa asibitin dabbobin makarantarmu. Can muka ɗora akwatin ƙarfe a bayan a-kori-kura. A ciki akwai macen kyarkeci da tarko ya karya wa ƙafa a wani ƙauyen Fayyum. Wata huɗu ina jinyarta, ko kallon arziki ba ta taɓa yi mini ba. Malamina Dakta Sabri ya riga ya yanke hukunci: yau za mu sake ta a can, amma in ta fito tana ɗingishi, ko mutanen ƙauyen suka ƙi ta, keji za ta koma har mutuwa. Fargabar hakan ta hana ni karyawa.

Hanyar sahara

Mun wuce dalar Fir'auna ƙarfe shida. Bayan kilomita arba'in muka tarar da shingen sojoji, don a 2013 ba a tafiya babu su.

"Me kuka ɗauko?"

"Kyarkeci ne, ranka ya daɗe," na ce.

Sojan ya yi dariya, ya ɗaga bargon da muka rufa. Ta yi gurnani sau ɗaya. Ko takardunmu bai ƙarasa karantawa ba ya ce, "Yalla, khalas, shi ke nan, ku wuce."

Ƙauye

Takwas da rabi muka isa. Wani dattijo riƙe da gora ya tsaya a tsakiyar hanya. Dakta ya raɗa mini cewa Alhaji Ramadan ke nan, mai tarkon. Na ɗauka korar mu ya zo yi.

Ashe gonarsa zai kai mu. Ramukan ɓera ko'ina, alkama a kwance kamar an bi ta da lauje.

"Ya Dakta, tun da muka kori kyarketan da ke cinye su, ɓeraye suka gaje mu," ya ce. "Na zuba guba, sai kyanwowina da mujiyoyi suka mutu. A bakin gonata za ku sake ta."

Maƙwabcinsa ya ce sam, ɓarnar gonarsa ta fi yawa. Ni ɗan Gumel na tsaya ina kallon manoma biyu suna rigima a kan wanda zai samu kyarkeci. Dakta ya raba gardama, ya zaɓi kan iyakar gonakin, inda yashi ya fara.

Ni na zare sakatar akwatin. Ta yi minti uku ba ta motsa ba. Sannan ta fito, ta taka ƙafar a hankali, ta sake takawa, sai ta cika wa bujenta iska. Babu ɗingishi ko kaɗan. Na yi kabbara, na rungume Alhajin da ya karya ta.

Komawa

Matar Alhaji Ramadan ta aiko mana da gurasa da zuma, na cinye har rabon direbanmu. Kafin magariba ina ɗakina a Faisal. Godiya ga Allah, ga Dakta, da Alhaji Ramadan, wanda ya damƙa mini tarkon nan ya ce in tafi da shi. Ga shi rataye a bangona.