Shaidar Baba Nomau a Gaban Alƙali

Masana tarihi sun cika littattafai da yaƙe-yaƙe da sarakuna, amma ni da na yi shekara talatin da ɗoriya ina shaƙar alli na tabbata babu abin da ya juya rayuwar ɗan Adam a ƙasar nan kamar dosiye, wato kwalin nan mai ninki biyu da ake zuba takardun mutum a ciki a ɗaure da zare. Wanda dosiyensa ya cika, mutum ne. Wanda nasa ya rasa takarda ɗaya, jita-jita ce kawai ake yi cewa an haife shi. Har gobe ban manta da ranar da na kai Baba Nomau gaban alƙali a Buza saboda takarda ɗaya ba. Ku ƙananan malamai da kuke yawan tambayata yadda aiki yake a zamaninmu, ga rabonku.

A ƙarshen shekarun 1970 ina direktan wata makarantar firamare mai aji uku a ƙasar Buza, wajen Babankatami. Ni da wani malami cikakkun ma'aikatan gwamnati ne. Na ukunmu, Mushe Sahabi (mushe ake kiran malamin boko a wajenmu, daga Faransanci), malamin taimako ne, irin wanda muke kira oksiliyar. Aikinmu ɗaya, allinmu ɗaya, ciwon maƙogwaronmu ɗaya, amma mu muna da lamba a Yamai da ƙarin girma da fansho, shi kuwa ana iya sallamarsa da takarda mai layi uku. Yana da mata da ƴaƴa uku, kuma a cikinmu shi ya fi iya koyar da ƴan aji ɗaya karatu.

Ƙofar fita daga wannan hali guda ce: konkur, jarrabawar gasa ta shiga aikin gwamnati. A cikinta samun maki mai kyau bai isa ba, sai ka wuce na kusa da kai, domin gurabe kaɗan ne, masu nema kuwa daga ko'ina. Ba kowace shekara ake buɗe ta ba, kuma wanda ya haura talatin ba ya zama. Shekarun Sahabi, wani direkta ne ya auna su ranar da aka ɗauke shi lakwal, wato makarantar boko: ya sa shi ya ɗora hannu ta bisa kai ya taɓo kunne, ya taɓo, aka rubuta shekara bakwai. Bisa wannan ilimi mai zurfi, Sahabi yana dab da talatin. Ko wannan konkur, ko babu.

Da sanarwa ta zo daga ofishin sufeto, muka ɗaura ɗamara. Wata biyar, kullum in an tashi da marece, sai ya zauna a bencin ɗalibai, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa, ni kuma ina kai da kawowa ina yi masa dikte, wato shifta. Kuskure biyar a dikte sifiri ne, sifiri kuma ya kori mutum ko da ya fi kowa lissafi. Muka haddace kogunan ƙasashen da ba mu taɓa gani ba. Muka lissafa inda jiragen ƙasa biyu za su haɗu, mu da ba mu taɓa jin kukan ko ɗaya ba. Muka sha fama da famfon da ke cika tanki alhali tankin yana yoyo, a garin da mata ke jan ruwa da igiya gaba ashirin.

Wata rana ya ajiye alƙalami ya ce, "Mushe, ni dai abin da ban gane ba, mi ya hana su toshe hujin tukuna?"

Na ce, "In ka ci konkur ka je ka toshe musu. Yanzu dai faɗa mini minti nawa."

Karatu ya yi kyau har na fara jin ƙanshin nasara. Sai muka juya ga dosiye. Takardar neman shiga, rubutun hannu, da tambur, wato kan sarki, a kanta: akwai. Shaidar likita: akwai. Shaidar ba a taɓa ɗaure shi ba: akwai. Kofin satifiket da hotuna: akwai. Takardar haihuwa: babu, kuma ba a taɓa yi ba. A zamanin yarintarsa rajistar makaranta ta ishe shi.

Maganin wannan sananne ne, jujman muke ce masa. Mutum ya je kotu da shaidu biyu, alƙali ya yi musu tambayoyi, sannan ya rubuta hukunci cewa an haifi wane, ɗan wane, wajen shekara kaza. Hukuncin shi ne ke tsayawa a matsayin takardar haihuwa. Ni kuwa da ƙarfin gwiwar mutumin da ya saba a tambaye shi ya ba da amsa, na ce, "Wannan mai sauƙi ne. Dole babanka ya zo. Wa ya fi uba sanin haihuwar ɗansa?"

Sahabi ya ce, "Mushe, ni ɗan fari na."

Na san kunyar ɗan fari, a gidanmu ma a Madawa ana yinta. Uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna a gaban mutane cewa nasa ne. Sahabi a ɗakin kakarsa ya tashi, kuma tun da aka yanka masa rago ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa, Baba Nomau. In ya zama dole ya ambace shi, sai ya ce "mutumin lakwal". Na san duk wannan, amma na ɗauka abu ne na cikin gida, ba ya bin mutum har ofis.

Ran Lahadi muka hau kekuna zuwa ƙauyensu. Muka tarar da tsohon yana yaɓen rumbu. Bayan gaisuwa na fara zuba yabo: ɗanka kaza, ɗanka kaza, ba a yi malami irinsa ba. Ya saurare ni yana murza laka a hannu, da na gama ya ce, "Mushe, wajenku an samu gero bana?" Sahabi kuwa yana tsugune can nesa yana nazarin ƙasa. Na ce ana bukatarsa a Buza don wata ƴar shaida. Ya ce in dai aikin gwamnati ne, yana zuwa. Ban faɗa masa abin da za a tambaye shi ba. Na gaya wa kaina cewa na manta ne.

Muka isa kotu da hantsi, mu huɗu, har da maƙwabcin tsohon, Malam Agali, shaida na biyu. Washegari da safe motar gidan waya za ta ɗauki dosiyoyi zuwa Tawa, wanda bai shiga ba sai wata shekara, shekarar da Sahabi ba shi da ita. Alƙalin matashi ne, Bahaushe, mai tabarau, ga magatakarda a gefe da na'urar buga rubutu. Malam Agali ya ba da tasa shaida kamar mai karanta wasiƙa. Aka kira Baba Nomau.

Alƙali ya ce, "Baba, ka san wannan mutum?"

"Na san shi."

"Wane ne?"

"Mutumin garinmu na."

Masu jiran layi a bayanmu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, domin kowa ya gane inda aka dosa.

"Ɗanka ne?"

Tsohon ya dubi taga. "Haka mutane ka cewa."

"Ba mutane nake tambaya ba, Baba. Kai nake tambaya. Ina sunansa?"

"Ranka ya daɗe, ga shi nan tsaye, shina da baki. Ga malaminai, ga Agali. Duk sun san shi."

Alƙalin ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce shi ma ɗan gida ne, ya san abin da ke nan, amma ba zai sa a buga "haka mutane ka cewa" a hukunci ba. An kawo masa shaida, shaida kuwa sai ya faɗi abin da ya sani da bakinsa. Tsohon ya sunkuyar da kai. Na ga ya jingina da sandarsa, mutumin da aka ce ya taɓa riƙe bijimi ta ƙaho.

Sai Sahabi ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Mushe, a bari. Mu koma gida."

Na ce, "Ka san abin da kake faɗi? Wata biyar fa."

Ya ce, "Na sani. Ba a tsai da tsoho haka gaban mutane sabadda ni."

Ashe tsohon ya ji. Bai juyo ba, ya ce wa alƙali, "A fid da shi waje." Alƙali ya yi wa Sahabi nuni da ƙofa, ya kuma sa masu jiran layi su bi shi. Aka rufe. Baba Nomau ya gyara tsayuwa, ya fuskanci bango, ya yi magana da murya kamar ta mai addu'a.

"Sunanai Sahabi. Ni na haife shi. Ran Talata ta, da azahar, ana cikin yankan gero, damina ukku kahin yunwar da munka ci garin rogo. Ina gona anka zo anka gaya mini, ban taho ba sai da na gama yanke kuyyata ta gero, kar a ce na yi ɗoki."

Magatakarda ya fara bugawa, alƙali ya ce ya isa. Amma tsohon bai tsaya ba. Ya ce wata goma sha ɗaya yaron ya yi ya tashi da tafiya. Ya ce shekarar da ƙyanda ta kama shi, kwana tara yana zagawa bayan ɗakin kakar yana sauraren numfashinsa ta bango, bai shiga ba ko sau ɗaya. Ya ce ranar da aka kira sunayen waɗanda suka ci satifiket yana bayan wata bishiyar bedi, ya ji, ya wuce kasuwa. Abin da ya tara shekara kusan talatin ya zube shi a gaban mutum huɗu da na'urar buga rubutu.

Da ya gama ya dangwala yatsa a takarda, ya dube ni ya ce, "Mushe, wagga magana ta tsaya ɗakin ga."

Alƙali ya lissafa daga shekarar yunwar, ya rubuta shekarar da ta bar Sahabi a cikin ƙa'ida. Da muka fito, Sahabi ya taso ya karɓi jakar babansa. Tsohon ya ce wa Malam Agali, "Gaya ma mutumin lakwal ya nemo muna ruwa."

Dosiye ya bi mota. Sahabi ya zauna konkur a Tawa, bayan wata uku aka karanta sunansa a rediyo, aka tura shi wata makaranta a ƙasar Keita, inda ya yi aiki har ya zama direkta. Na riƙe amanar tsohon har ya rasu. Bayan sadakar arba'in na faɗa wa Sahabi komai. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Kwana tara?" Na ce kwana tara.

Abin da na koya shi ne, aikinmu na takarda yana son a faɗi komai a fili, mutanen da muke yi wa aikin kuwa abin da ya fi musu tsada shi suke rufewa. Malamin ƙauye yana tsaye tsakanin biyun, kuma kafin ya ja dattijo zuwa ofis ya kamata ya san abin da za a ce dattijon ya ajiye a kan tebur. Ya kamata kuma ya riƙa tambaya, ko da shi ne direkta.

Shekara biyu bayan haka na koma kotun da iyaye maza goma sha ɗaya a bayana, don yi wa ƴan ajin satifiket jujman. Magatakardan nan ya leƙo ya ƙirga su, ya ce, "Mushe, kai kam mi ya sa kake wahal da tsofaffi? Shaidu biyu anka ce, ko su wane ne. Maƙwabta ma sun isa."