Libarbar Nadine

A garin Calloway da gonakin shanun da ke kewaye da shi, duk wanda ya sayi ƙaramar libarba ta ɗaurawa a ƙugu, shagon Orval Tackett yake fara nufa kafin ya je gida. Baduku ne, amma ba ruwansa da takalmi ko sirdi, kuben bindiga kawai yake ɗinkawa, a gefe kuma yana ɗan sayar da libarba da mariƙi da harsashi. Zai jiƙa fatar saniya, ya naɗe bindigarka a ciki, ya yi ta murzawa da guntun ƙaho har fatar ta ɗauki siffarta. Kubensa ko ka kifar da shi bindigar ba ta faɗowa, amma kana ja sai ta zamo maka cikin hannu. Kafin ya yanka fata kuwa, sai ya kama tafin hannunka ya jujjuya, ya tambaye ka a mota kake wuni ko a kan doki, sannan ya gaya maka mariƙin da zai zauna maka da harsashin da za ka iya da shi.

Hannu ɗaya ne bai taɓa aunawa ba, na matarsa Nadine.

Nadine nas ce mai zagaye. Kullum da safe takan shiga tsohuwar akori-kurarta ta bi gonaki, ta wanke wa wannan tsoho gyambo, ta duba waccan mai jego, ta zauna shan kofi da gwauruwar da ta yi mako ba ta ga mutum ba. Da yamma ta dawo buɗu-buɗu da ƙura, da kwalbar zuma ko burodin masara da aka tilasta mata karɓa, bakinta cike da labari. Aikin nan shi ne ranta, kowa ya sani.

Sai aka tare wata mata a hanyar kudu, aka yi mata dukan kawo wuƙa, aka tafi da motarta. Orval ya tsorata ƙwarai. Shi kuwa irin mazan nan ne da tsoronsu ba ya fitowa sai a kamannin ba da umarni.

Bai yi shawara da ita ba. Ya zaɓo mata libarba mafi ƙanƙanta, sakayau kamar cokali, ya sa mata farin mariƙi siriri mai santsi da ƙyalli, wai shi ya dace da mace. Harsashi kuma ya ɗauko mafi ƙarfi, don a ganinsa in za a harba, a harba sau ɗaya a gama. Ya ɗinka mata kube ya zana furanni a jiki. Abin haushin shi ne, babu ranar da ba ya gaya wa maza a shagonsa cewa bindiga mara nauyi ita ta fi shuri. Da aka zo kan matarsa sai ya koma kamar mai zaɓen ɗan kunne.

Ranar Lahadi bayan coci ya jera mata gwangwanaye a bayan gida. Ta ɗana kunama. Bindigar ta yi tsalle, mariƙin ya sulɓe, ya tsage mata fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni.

"Wayyo! Orval, wannan aba ai shurin alfadari take yi!"

"Haba Mama," in ji Orval, don haka yake kiranta, "'yar wannan? Ki riƙe ta da kyau. Tsoro ne kawai."

Ta sake gwadawa, jini na bin tsintsiyar hannunta. Tun kafin ta ja kunamar take runtse ido. Haka aka yi ta yi, Lahadi bayan Lahadi, ko gwangwani ɗaya bai faɗi ba. Daga ƙarshe ya karɓe bindigar yana girgiza kai.

"Wani hannun ba na bindiga ba ne. Ni kuma ba zan zauna ina jiran a kawo mini gawarki ba. In ba za ki iya kare kanki ba, kin daina bin hanyar nan."

Ta roƙe shi, ta yi kuka, ya ƙeƙasa ƙasa. Nadine ba mai son tashin hankali ba ce. Ta ajiye aikin, ta jefa libarbar da kubenta a aljihun tebur. In matan coci suka tambaye ta sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Hannuna ne ba shi da kirki." Ta faɗa har ita ma ta yarda. Orval ya ga yadda take tsayawa a taga in mota ta wuce, amma ya riƙa gaya wa kansa ai ranta ya ceta.

Shekaru suka ja. Sanyin ƙashi ya kama yatsun Orval, suka kanannaɗe. Wata rana ya harba tasa bindigar, zafi ya ratsa shi har kafaɗa, ya yar da ita. Abokinsa Dub Hensley, tsohon makiyayi mai bakin tsiya, ya riƙe ciki yana dariya.

"Dattijo, ko dai kai ma hannunka ba na bindiga ba ne? Sai ka koma gwafa!"

"Rufe mini baki. Laifin mariƙi ne, ba nawa ba."

Ko minti ɗaya bai ɓata yana zargin hannunsa ba. Ya koma shago ya ɗauko libarba mai ɗan nauyi, ya sa mata mariƙin roba mai kauri, ya ɗura harsashi mai sauƙin shuri. Shi ke nan zafi ya tafi.

Yana cikin gwada ta a bayan gida da la'asar, Nadine ta fito masa da shayi mai ƙanƙara. Kanta ya yi fari fat. Ta tsaya tana kallo.

"Wannan ba ta tsalle. Me ka yi mata?"

Ya yi mata bayani, har da alfahari.

"Ba ni in gani."

Ta riƙe ta da hannu biyu. Mariƙin ya cika mata tafi daram. Ta harba, gwangwani ya yi sama. Ta sake, wani ya bi shi. Har harsasan suka ƙare ba ta runtse ido ba, gwangwani ɗaya ne ya tsira. Ta ajiye bindigar, ta buɗe hannunta tana kallon tsohon tabon nan.

"Ashe ba hannuna ba ne."

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Irin wannan robar da wannan harsashin, tun wancan lokacin akwai su?"

"Akwai."

"A shagonka?"

"A shagona, Mama."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya shiga lissafin abin da ya raba ta da shi. Tsofaffin da take zagayawa duk an binne su, jariran da ta wanke sun yi aure sun bar gari, akori-kurar ta ruɓe a bayan rumbu. Da ƙyar ya miƙa karkatattun yatsunsa.

"Kawo hannunki in auna. Zan ɗinka miki kube mai kyau, wanda ya dace da ke."

Ta miƙa masa, ta bar shi ya jujjuya tafin kamar yadda yake yi wa baƙi. Da ya gama ta zare hannunta a hankali, ta tattara kofuna.

"Ka ɗinka in kana so, Orval. Amma ina zan je da shi?"