Barkar da Ta Kusa Hana Mahaifiyata Komawa Asibiti

Shekarun baya, ina amarya a Ollelewa, aka gano ciwon daji a nonon mahaifiyata. Daga Tanut aka tura mu Damagaram, daga can sai Yamai. Likita ya ce ƙullutun ya yi girma, sai an fara saka mata magani ta jijiya ya motse, sannan a yi aiki a cire. Maganin ya ba ta wuya ƙwarai, ga amai, gashi kuma ya zube tas.

Da aka sallame mu ta huta kafin aikin, ƙullutun da ya kai ƙwan zabo ya koma kamar ƙwayar gyaɗa. Ni kuwa bakina ba ya riƙe daɗi. Ko mayafi ban gyara ba na bi gida-gida ina shelar Inna ta warke!

Gari ya ɗauka. Mata suka yi ta guɗa, masu barka na shigowa da kaji da gero, wata Bafulatana ƙawar Inna ta aiko da man shanu. Rabon da in yi farin ciki irin wannan har na manta.

Ranar komawa ta matso, Inna ta ce ba inda za ta. Na zaci tsoron wuƙa ne, ashe kunya ce.

"Na ci kajin mutane a kan na warke, yanzu in ce musu da saura? Da wane ido?"

Likita kuwa ya gargaɗe mu cewa in ba a cire ba, ciwon zai dawo. Na yi roƙo, na yi kuka, ta ƙi. Sai na sake bin gidajen nan, wannan karon murya ƙasa-ƙasa, ina gaya musu gaskiyar magana.

Ranar kasuwa da safe matan unguwa suka cika tsakar gidanmu. Gwaggona, yayar mahaifina, ta ɗauki ƙullin kayan Inna ta ɗora a kai.

"Tashi, mota ba ta jira. Kajinmu dai kin cinye, ba za su tafi a banza ba. Ki je a ƙarasa, mu sake kawo wasu."

Inna ta yi dariya har da hawaye, suka raka mu tasha kamar masu kai amarya.

An yi aikin lafiya. Har yau in na tuna sai raina ya yi fes, domin duk 'ya'yana ba wanda Inna ba ta goya ba, har autan.